Juji a Tsakiyar Teku: Hukuncin Mai da Shara Wutar Lantarki

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya shimfiɗa ƙasa ya kewaye ta da ruwa, ya zaunar da ɗan Adam a cikinta domin ya raya ta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, zancenmu na wannan mako a kan shara ne. Wani zai ce me ya haɗa filin addini da juji? Amsa ita ce, wanda duk ya buɗe littattafan fiƙihu zai tarar mafi yawansu da babin tsarki suka fara ibada, watau da maganar ruwa da najasa da yadda a ke kawar da ƙazanta. Abin da malamai suka fara da shi kuwa bai kamata mu raina shi ba. Za mu duba halin da waɗansu 'yan'uwanmu Musulmi su ke ciki a tsibiran Maldib, inda baƙi masu yawon shaƙatawa suka kawo arziki suka kuma kawo shara, har hukuma ta yanke shawarar ƙona sharar a tanderu domin a sami wutar lantarki. Muna so mu san ko wannan ya halatta, da sharuɗɗansa, da kuma abin da wutar ba za ta iya ƙonewa ba.

Maldib ƙasa ce ta ƙananan tsibirai wajen 1,190 a cikin tekun Indiya, kudu maso yamma da Indiya da Siri Lanka. Waɗanda 'yan ƙasa su ke zaune a kansu ba su kai 200 ba, jama'ar kuwa duka kimanin rabin miliyan ne. Babban birninsu shi ne Male. Ƙasar a kwance ta ke ƙwarai, mafi yawanta ba ta ɗara ruwan teku da fiye da mita 1 ba. Tarihinsu ya nuna sarkinsu ya musulunta a shekarar 1153, tun daga lokacin kuma Musulunci ne addinin ƙasar. Shahararren matafiyin nan Ibn Batuta, mutumin Tanja ta Maroko, ya sauka can wajen 1343, har aka naɗa shi alƙali. A zamaninsa mazhabar Malikiyya su ke bi kamarmu, amma yau Shafi'iyya ce mazhabarsu.

Kada mai karatu ya ɗauka ba mu da wata alaƙa da waɗannan mutane. Wurin nan da kakanninmu suka yi ciniki da shi a kasuwannin ƙasar Hausa, wanda jam'insa ya ba mu kalmar kuɗi, babban tushensa shi ne tsibiran Maldib. Ibn Batuta ya ga ana tara shi a can, daga baya kuma ya ga ana saye da sayarwa da shi a Mali da Gawo. Ashe tun ɗaruruwan shekaru abin da tekunsu ya ke fitarwa yana shiga aljihunmu.

Wani abin da Ibn Batuta ya yaba wa mutanen nan shi ne tsabta. Ya ba da labarin yawan wankansu, da yadda titunansu su ke a share, da yadda mutum ya ke wanke ƙafafunsa kafin ya shiga gida. A wancan zamani sharar tasu mai sauƙi ce. Kifi da kwakwa ne abincinsu. Ɓawon kwakwa su murza shi ya zama igiya, da ita a ke ɗinke jiragen ruwa, ganyenta su yi rufin ɗaki, abin da ya rage kuwa ya ruɓe ya koma ƙasa ko teku ya cinye. Babu abin da ya ke zama shekara da shekaru yana jiran mai kwashewa.

Al'amari ya sake a 1972, shekarar da aka buɗe masaukin baƙi na farko. Turawa da sauran masu hali suka gano farin yashi da ruwa garai-garai da murjani, suka yi ta zuwa, har a 2024 yawan baƙin da suka shiga ƙasar ya wuce miliyan 2, watau kusan ninki huɗu na mazauna ƙasar. Da wannan kuɗi aka gina makarantu da asibitoci, wannan gaskiya ne, ba mu musa ba. Amma kusan duk abin da baƙon zai ci ko ya sha daga waje a ke shigo da shi, a cikin leda da kwali da gwangwani da kwalabar roba. Ƙiyasin da aka daɗe ana ambata shi ne, baƙo guda yana barin shara kimanin kilo 3.5 a kowace rana, alhali kuwa mazaunin ƙaramin tsibiri ba ya cika kilo 1. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. To, shi kam ya tafi da hantsi kamar raɓa, amma kwalabar da ya sha ruwa da ita tana nan, kuma za ta riga jikokin mai masaukinsa daɗewa a duniya.

Mutumin da ya ke da daji a bayan gari yana iya haƙa rami ya binne shararsa. Mutumin tsibiri ba shi da bayan gari. In ya haƙa ƙasa kaɗan sai ya tarar da ruwa, kuma ruwan nan ne na rijiyarsa. Saboda haka a farkon 1992 hukuma ta fara zuba sharar birnin Male a wani wuri marar zurfi cikin teku, kimanin kilomita 7 yamma da birnin. Aka yi ta zubawa ana rufewa da yashi har wurin ya zama tsibiri sosai, ana kiransa Tilafushi. Jiragen ruwa suka riƙa kawo ɗaruruwan tan na shara kowace rana daga birni da masaukan baƙi. Shekaru da yawa a fili aka riƙa cinna mata wuta, hayaƙi ya turnuƙe har ana hango shi daga Male, batir da tsofaffin kayan lantarki suna tsiyayar da gubarsu cikin ruwan da masunta su ke kamun kifi. A ƙarshen 2011 sai da hukuma ta dakatar da jiragen na ɗan lokaci, domin shara ta cika mashigar tana yawo a kan ruwa. Mafi yawan waɗanda suka yi aikin tsince ta da ƙona ta kuwa leburori ne baƙi, musamman daga Bangaladash. Wanda ya karanta aya ta 41 a Suratur Rum, wadda ta danganta bayyanar ɓarna a tudu da teku ga aikin hannun mutane, ya kuma dubi Tilafushi, ba ya bukatar dogon tafsiri.

Ga kuma wata wahala ta biyu. Ƙasar ba ta da man fetur, mafi yawan wutar lantarkinta daga injuna masu shan man dizal ta ke samuwa, man kuwa saye a ke yi daga waje da tsada. Sai masana suka ce, tun da ga shara ta yi yawa, ga mai ya yi tsada, me zai hana a jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya? A 2020 Bankin Raya Ƙasashen Asiya ya amince da ba da kuɗi, tare da waɗansu abokan tarayya, domin a gina tanderun zamani a Tilafushi. An tsara zai riƙa cin shara tan 500 kowace rana, ya ba jama'a wuta kimanin megawat 8. Ba su ne na farko ba. Singafo ta fara ƙona shararta ta wannan hanya tun 1979, tsibirin Bamuda kuma tun 1994.

Ya kamata mu fahimci yadda abin ya ke aiki, domin malamai sun ce hukunci a kan abu reshe ne na saninsa. Ana juye shara a wani babban rami cikin gini rufaffe, wata ƙatuwar ƙugiya tana cakuɗa ta tana ɗiba tana zubawa a tanderu. A ciki zafin wuta ya kan kai digiri 850 ko fiye, domin a ƙasa da haka gubar da ke cikin hayaƙin roba ba ta mutuwa. Zafin nan ya tafasa ruwa a cikin bututai, tururi ya fito da ƙarfi ya juya farfela, farfela ta juya janareta, sai ga wutar lantarki. Hayaƙin kuwa ba a sakinsa haka nan. Ana fesa masa farar ƙasa da garin gawayi, a bi da shi ta cikin matatai kafin ya fita. Daga ƙarshe tulin shara ya koma toka, girmansa ya ragu zuwa kamar kashi ɗaya cikin goma.

To, mene ne hukuncin wannan a shari'a? Asali dai amfani da abin da aka yar abin so ne. Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ga wata tunkiya da ta mutu mushe, wadda aka ba 'yantacciyar baiwar Nana Maimuna sadaka, sai ya nuna musu da sun cire fatarta sun jeme sun amfana da ita, ya bayyana cewa cin naman ne aka haramta. Dubi wannan tarbiyya. Abin da mutane suka ɗauka ya gama lalacewa, Annabi ya hango sauran amfani a jikinsa. Har ila yau ya tabbata a Buhari da Muslim cewa Allah yana ƙin tozarta dukiya. Zafin da ke ɓoye cikin busasshen kwali da katako da tsumma dukiya ce, barinsa ya tashi a banza kuwa, alhali ana sayen mai da tsada, tozartawa ce.

Wani zai ce, ai shara cakuɗe ta ke da najasa, akwai ƙunzugun jarirai da ragowar mushe a ciki, yaya za a haskaka gida da ita, balle masallaci? Malamanmu na Malikiyya sun riga sun taɓo irin wannan mas'ala. A cikin Risala, Ibn Abi Zaid Alƙairawani ya yi maganar man da ɓera ya faɗa ciki ya mutu. Ya hana cinsa, amma ya yarda a kunna fitila da shi a wurin da ba masallaci ba. Ka ga ke nan tun fiye da shekara dubu malamai sun halatta a mai da abin da ya najastu ya zama haske. Dalilin keɓe masallaci kuwa shi ne kada a shigar da man ko hayaƙinsa cikin ɗakin Allah. Wutar lantarki ba haka ta ke ba. Abin da ya ke bi ta waya ya iso masallaci ba shara ba ce, ba tokarta ba ce, ba hayaƙinta ba ne. Ƙarfi ne da ya samu daga juyawar inji, sharar kuwa ta tsaya can a tanderu. Saboda haka abin da ya bayyana gare mu shi ne babu laifi a yi salla a ƙarƙashin wannan haske, a kuma yi kiran salla da lasifikar da ta ke aiki da shi. Allah shi ne mafi sani.

Amma halaccin nan yana da sharaɗi, sharaɗin kuwa shi ne kada a cutar da kowa. Hana cuta da cutarwa ƙa'ida ce babba da Imamu Malik ya ruwaito hadisinta a Muwaɗɗa, malamai kuma suka fitar daga cikinta cewa ba a gusar da cuta da wata cuta irinta. Tanderun da ba a kula da shi ba yana iya fin juji sharri. In zafinsa ya sauka, ko matatansa suka lalace aka ƙi gyarawa domin tsimin kuɗi, zai riƙa fitar da guba wadda ido ba ya gani, tana taruwa a jikin kifi da mutane. Haka kuma ƙurar da matatai su ke tarewa guba ce tsantsa, dole a adana ta inda ruwa ba zai kai gare ta ba. Singafo sai da ta keɓe wuri na musamman a teku, mai suna Semakau, ta kewaye shi da ganuwa, ta buɗe shi a 1999 domin zuba toka. Saboda haka wajibi ne a kan hukumar da ta gina irin wannan tanderu ta riƙa auna hayaƙinsa tana bayyana wa jama'a sakamakon ba tare da ɓoye-ɓoye ba, ta kuma ba ma'aikatansa kayan kariya da magani da cikakken lada. Leburan da ya baro iyalinsa a Bangaladash ransa bai fi na baƙon da ke kwance a bakin ruwa araha ba. Tsabtar da aka same ta ta hanyar tura ƙazanta ga wanda ba shi da baki, zalunci ce aka yi wa kwalliya.

Sa'an nan akwai wani tarko wanda ya fi wannan ɓoyuwa. Tanderu ciki gare shi, kullum yana son a cika shi. An kashe kuɗi mai yawa an gina shi, sau da yawa da bashi, in bai sami abin ci ba hasara a ke yi. Wannan ya faru a Mayorka, tsibirin baƙi na ƙasar Sifen. An faɗaɗa tanderunsu har ya fi ƙarfin sharar da tsibirin ya ke fitarwa, musamman da sanyi sa'ad da baƙi suka ragu, har a 2013 aka fara shigo da shara daga waje ta jirgin ruwa domin ciyar da shi. Jama'a suka yi ta ƙorafi, daga baya aka daina. Ku duba yadda magani ya ke komawa yana neman ciwo! In aka kai matsayin da hukuma ta ke baƙin ciki don mutane sun rage zubar da shara, lalle lissafi ya juye.

A nan ne Musulunci ya riga injiniyoyi magana. Aya ta 31 a Suratul A'araf ta halatta ci da sha, ta kuma hana wuce iyaka a cikinsu. Ayoyi na 26 da 27 a Suratul Isra'i sun hana almubazzaranci, har suka haɗa masu yinsa 'yan'uwantaka da shaiɗanu. A Sahihu Muslim an umurci wanda lomarsa ta faɗi ya ɗauka ya share abin da ya taɓa ta ya ci. Addinin da bai yarda a bar loma ɗaya a ƙasa ba, yaya zai dubi masaukin da a ke jera abinci kala-kala safe da rana da dare, abin da ya ragu a kwashe a zuba a jirgin shara? Mai masaukin ba zai kuɓuta ba don ya ce ai za a ƙona a sami lantarki. Wuta tana cin shara, amma ba ta cin alhakin almubazzaranci. Ko ta fuskar aikin ma, ragowar abinci jiƙaƙƙiya ce, ruwa ya yi mata yawa, tana rage ƙarfin wuta, har wani lokaci sai an ƙara mai kafin ta ci. Ashe shinkafar da aka ɗauko daga wata ƙasa aka dafa aka zubar, an yi hasararta sau biyu.

Saboda haka tsarin da ya dace da shari'a da hankali hawa-hawa ne. Na farko, a rage tun daga tushe, domin rigakafi ya fi magani. Hukumar Maldib ta kama wannan hanya daga 2021, sa'ad da ta fara hana shigo da waɗansu kayan roba da a ke amfani da su sau ɗaya a yar, waɗansu masaukai kuma suna tace ruwan teku su zuba a kwalaben gilashi da a ke wankewa a sake cikawa. Na biyu, a rarrabe shara tun daga gida da ɗakin girki. Ƙarfe da gwangwani da gilashi su koma ga masu narkawa. Ragowar abinci da ganyaye a mai da su taki, kamar yadda manoman kewayen Kano suka daɗe suna kwasar juji da toka a kan jakuna zuwa gona, ko kuwa a rufe su a cikin tanki su ruɓe su fitar da iskar gas ta girki, wadda ita ma makamashi ce, kuma ta fi dacewa da ƙaramin tsibirin da shararsa ba ta isa ta ciyar da babban tanderu ba. Na uku, abin da ya gagari wannan duka, shi ne rabon wuta. In an bi wannan tsari, tanderu ya zama rahama. In an tsallake biyun farko aka faɗa na uku, an sayi tsintsiya mai tsada ne kawai aka bar ɗabi'ar da ta ke kawo dattin.

Akwai kuma haƙƙi a kan shi baƙon. Shari'a ta umurci mai gida ya girmama baƙonsa, ta kuma hana baƙo ya zauna har ya ƙuntata wa mai masaukinsa, duka biyun sun tabbata a Buhari da Muslim. Wanda ya je ƙasar mutane ya huta, ya bar musu abin da zai ɓata rijiyarsu da kifinsu, ya ƙuntata musu ko da ya biya kuɗin ɗaki. Adalci ne a ɗora kuɗin kwashe shara da ƙona ta a kan masaukai da baƙinsu gwargwadon abin da suka zubar, kada a ɗora shi a kan masunci wanda bai ci ba bai sha ba. Cikin masu zuwa irin waɗannan wurare a yau akwai Musulmi da yawa, har da namu masu hali. Su sani kawar da abin cutarwa daga hanya reshe ne na imani, kamar yadda ya zo a hadisi, kuma wannan hukunci ba ya faɗuwa don mutum ya yi tafiya. Matafiyi an rage masa raka'o'in salla, ba a rage masa amana ba.

Ya 'yan'uwa, mutanen Maldib sun riga mu ganin ƙarshen wannan hanya ne saboda ƙasarsu ƙarama ce, ba su da inda za su ɓoye abin da suka zubar. Wanda ya ke da fili yana ganin kamar ya tsira, alhali jinkiri kawai aka yi masa. Kowa ya dubi abin da ya ke fita daga gidansa kowace safiya, ya tambayi kansa nawa ne a ciki bukata ta kawo, nawa ne kuma sakaci da son a gani suka kawo, domin za a tambaye mu a kan dukiya, ta ina ta shigo, kuma ina ta tafi.

Allah ya taimaki 'yan'uwanmu na waɗannan tsibirai, ya kiyaye musu ƙasarsu da tekunsu. Allah ya ba shugabanni ikon riƙon amana, ya tsarkake zukatanmu da gidajenmu, ya raba mu da almubazzaranci. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.